Yadda za ka gane baƙon ƙudan da ke zuba wa mangwaro tsutsa daga hoton waya

Da zarar ruwan farko ya sauka a Jos, wajen watan Afrilu, hotuna sukan fara shigo mini a WhatsApp daga masu lambu, da 'yan kasuwar Farin Gada, da tsofaffin ɗalibaina. Ni malamin aikin gona ne a wata makarantar sakandare, muna kuma da lambun gado a hanyar Bauchi, mangwaro da gwaba da 'yan itatuwan lemo. Tambayar kullum ɗaya ce: "Malam, wane ƙwaro ne wannan? Shi ne yake sa mana tsutsa?" Yawancin hotunan kuwa wani ɗan ɗigo ne dishi-dishi a jikin ganye, ko tarin matattun ƙudaje da suka jiƙe suka yi baƙi a gindin gora. Da irin wannan hoto babu masanin da zai iya cewa uffan. Alhali ƙudan da muke nema yana yawo da shaidarsa a jikinsa: a fiffike, a gadon baya, a ciki. Wayar da ke aljihunka ta isa ta nuna su, in dai ka san inda za ka saita ta.

Sunan ƙudan a littafi Bactrocera dorsalis. Asalinsa ɗan Asiya ne. A 2003 aka fara kama shi a Afirka, a gaɓar tekun Kenya, kuma a 2005 masana suka ɗauke shi a matsayin sabon nau'i suka raɗa masa Bactrocera invadens. Bayan kimanin shekara goma, da aka auna ƙwayoyin halittarsa aka kuma duba yadda yake barbara, sai ta tabbata shi ne dai dorsalis ɗin da aka sa wa suna tun 1912, aka mayar masa da tsohon sunansa. Don haka idan ka ga sunayen biyu a takardar malamin gona ko a jikin kwalin tarko, ƙuda ɗaya ake nufi. Cikin 'yan shekaru ya bazu a kusan duk ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, ya danne ƙudajen da ya tarar a gida. Yana saka ƙwai a 'ya'yan itatuwa sama da iri 300: mangwaro, gwaba, lemo, gwanda, ayaba, fiya, kashu, har da kaɗanya ta daji. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai fiye da 1,000 a rayuwarta.

Wani zai ce, to ai tsutsa tsutsa ce, mene ne amfanin sanin sunan ubanta? Amfaninsa kuɗi ne. Bara ɗan yayata, wanda ke noman kokwamba a fadamar wajen Lamingo, ya zo mini da gora cike da matattun ƙudaje, ransa a ɓace. "Kawu, tarkon nan yana kamu kamar me, kullum sai na zubar, amma kokwambata ba ta daina ruɓewa ba." Na zazzage 'yan kaɗan a kan farar takarda muka duƙa muna dubawa. Dukansu masu ratsi biyu ne a baya, fukafukansu garau, wato dorsalis. Na ce ya tsinko mini ruɓaɓɓiyar kokwamba guda uku mu ajiye. Abin da ya fito daga cikinsu bayan 'yan makonni ratsi uku gare shi, da baƙin ɗigo a bakin fiffike. Tarkonsa yana ta jawo ƙudan mangwaron maƙwabta ne daga nesa, mai cin amfaninsa kuwa ko kallon tarkon bai yi ba, don ba turarensa ba ne. A yawancin waɗannan ƙudaje, kowane iri da ƙamshin da ke jan namijinsa cikin tarko. Wanda bai san ƙudansa ba zai sayi turaren wani.

Kafin hoto sai an kama

Kada ka wahalar da kanka bin ƙuda da waya yana kan reshe. Ba ya tsayawa, kuma ko ya tsaya ɓangaren da kake buƙata ne zai juya. Kama shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce sammako. Sanyin safiyar Jos yana kashe musu jiki, kafin rana ta ɗaga za ka ga macen tana tafiya a hankali a jikin mangwaron da ya fara nuna, tana tsayawa tana latsa ƙarshen cikinta a fatar. Ɗauki farar leda mai nuna ciki ko kwalba mai faɗin baki ka kifa mata daga sama. Ƙuda in ya firgita sama yake tashi, da kansa zai shige.

Hanya ta biyu tarko ne. Gorar ruwa ta roba, ka huda mata ƙofofi huɗu a kafaɗa daidai shigar ɗan yatsa, ka rataya auduga a ciki da siririyar wayar ƙarfe, ka ɗiga mata turaren da ake kira metil yujinol tare da ɗan maganin ƙwari, ka rataye ta a inuwar bishiya sama da kanka kaɗan. Idan don hoto kake so, kada ka zuba ruwa a gindin gorar, kuma ka kwashe kamun a ranar. Ƙudan da ya kwana biyu a mace, ko ya jiƙe, rawayar jikinsa tana rinewa ta koma ruwan ƙasa, shaidar da kake nema ta ɓace. Ka kuma sani maza kaɗai wannan turare yake jawowa. Rashin ganin mace a ciki ba laifin tarkon ba ne.

Hanya ta uku ita na fi so, ko da yake tana buƙatar haƙuri, domin ita kaɗai ce ke nuna maka ƙudan da ya ci amfaninka, ba wanda ya zo wucewa ba. Samu bokiti, zuba busasshen yashi kamar kaurin yatsa uku, ɗora 'ya'yan da suka yi tsutsa guda uku ko huɗu a kai, rufe bakin da yankin tsohon gidan sauro ka ɗaure da roba, ka ajiye a inuwa inda tururuwa ba za ta kai ba. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu, tsutsar ta yi mako ɗaya zuwa biyu tana ci. In ta ƙoshi sai ta fito, za ka ga tana lanƙwashe jiki tana ɓallewa da tsalle, ta nutse cikin yashi ta zama ɗan ƙulli ruwan ƙasa mai tsawon kusan milimita 5. Bayan kwana goma ko fiye ƙuda ya fasa ya fito. A nan tudun Jos, da yake muna sama da mita 1,200 kuma garin da sanyi, abin yakan ɗan ja fiye da na Abuja ko Lafiya, saboda haka kada ka zubar da bokitin kafin wata guda. Idan sun fito kada ka yi gaggawar ɗaukarsu hoto. Sabon fitowa jikinsa fari-fari yake, zanensa bai nuna ba. Jiƙa auduga da ruwan sukari ka ɗora a kan gidan sauron, ka ba su kwana biyu ko uku launinsu ya zauna.

Hoton tsutsa kuwa, don Allah a daina turowa da fatan a gane iri. Tsutsar duk waɗannan ƙudaje fara ce, ba ƙafa, kai mai tsini, ido ba ya bambance su.

Ɗaukar hoton

Sanya kwalbar da ƙudan ke ciki a firji na minti goma. Zai kwanta shiru bai mutu ba, ka sami minti ɗaya ko biyu kafin ya farfaɗo. Idan babu wuta, sayi ƙanƙara ka ɗora kwalbar a kai cikin kula, aikin ɗaya ne. In kuma ba ka damu da ransa ba, bar shi a firiza na awa guda, ko ka jefa audugar da ka jiƙa da sifirit cikin kwalbar ka rufe.

Zazzage shi a kan farar takarda, a ƙofar ɗaki ko ƙarƙashin rumfa inda haske yake da yawa amma rana ba ta duka kai tsaye. Kashe fitilar waya, domin jikinsa yana sheƙi, hasken zai wanke ratsin. Ajiye rula ko tsinken ashana a gefensa don a ga girmansa. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne kai waya dab da ƙwaron. Yawancin wayoyinmu ba sa iya saita abin da ya matso ƙasa da faɗin tafin hannu. Ja baya kaɗan, taɓa ƙudan a kan gilashin wayar har ka ga gashin jikinsa ya fito, jingina gwiwar hannunka a tebur, ka ɗauka da yawa. Daga baya sai ka yanke hoton ka zaɓi mai kyau. Idan kana da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya ko agogo, kara shi a gaban kyamarar, za ka sha mamakin abin da zai fito.

Hoto uku nake so a kowane ƙuda. Na farko daga sama tsaf, kai da gadon baya da ciki duk a fili. Idan fukafukan sun rufe cikin, sa allura ka buɗe su gefe a hankali. Na biyu fiffike ɗaya a shimfiɗe a kan farar takarda. Idan mataccen ƙuda ne, cire fiffiken ma gaba ɗaya ka manna shi da ɗan ɗigon ruwa. Na uku fuska, daga gaba. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin turawar hoto ta yau da kullum tana matse shi, ƙananan zanen su narke.

Fara da fiffike

Mutane sukan fara da launin jiki, kuma nan ne ake ɓata. Wannan ƙuda a Afirka ba shi da launi ɗaya. Daga bokiti guda na sha fitar da wanda bayansa baƙi ƙirin, da wanda bayansa ja-ja ne ruwan ƙasa, da mai haɗe-haɗen biyun, kuma duk 'yan uwa ɗaya ne. Wanda ya dogara da launi zai raba iri ɗaya gida uku. Fiffike ba ya irin wannan sauyi.

Da farko tabbatar fiffike biyu ne kacal. Rina da danginta huɗu gare su, da dogayen ƙahonni, kuma ƙudan nan yana ɗan kama da rina saboda rawaya da baƙin jikinsa. Tsawonsa kusan milimita 8, ya ɗan ɗara ƙudan gida.

Fiffiken dorsalis garau yake, kana iya ganin takarda ta cikinsa. Zane biyu kaɗai gare shi. Akwai siririn baƙin layi da ya bi gefen gaba na fiffiken har ya kai ƙarshensa, bai kumbura ya zama ɗigo a bakin ba. Sannan akwai wani ɗan gajeren zane mai duhu da ya karkata daga gindin fiffiken zuwa gefen baya. Tsakiya babu komai sai jijiyoyi. Idan ka ga fiffike mai ratsi-ratsi na rawaya da ruwan ƙasa da suka gitta shi, da ƙananan ɗige-ɗige baƙaƙe a gindinsa, to ka bar maganar dorsalis, kana gidan Ceratitis ne, 'yan asalin Afirka. Su ƙanana ne, gajeru, kuma in suna tafiya sukan saki fukafukansu ƙasa-ƙasa suna karkaɗa su.

Daga nan hau gadon baya, wato ɓangaren da ke tsakanin kai da ciki inda fukafukai da ƙafafu suke. Ƙirga ratsin rawaya da suka bi tsawon jiki. Dorsalis biyu gare shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne ya taso daga wajen gindin fiffike ya miƙe baya, kaurinsa kusan ɗaya daga farko har ƙarshe. Tsakiyar bayan babu rawaya. Wannan ita ce shaidar da na fi dogara da ita bayan fiffike. A kula, akwai wasu tabban rawaya a kafaɗunsa biyu kusa da kai da kuma a gefen ƙirji; waɗannan dunƙulallu ne, ba layi ba, kada a haɗa su a lissafi. A ƙarshen gadon bayan akwai wani ɗan tudu mai siffar rabin da'ira. Nasa rawaya ne tas, sai ɗan siririn baƙi a inda ya manne da jiki.

Sai ciki. Launinsa ruwan lemo-lemo ne, kuma a kansa akwai baƙin zane mai siffar harafin T: layi ɗaya ya gitta cikin daga gefe zuwa gefe, wani ya sauko daga tsakiyarsa zuwa ƙarshe. Wannan T ɗin shi ya fi shahara, shi kowa ke ambata, amma ni na ajiye shi a na uku da gangan. Ba dorsalis kaɗai ke da shi ba, kuma a wasu gefunan cikin sukan yi duhu har T ɗin ya so ɓacewa. Ganinsa ƙarin tabbaci ne, ba shi ne hukunci ba. A nan ne kuma za ka raba mace da namiji: ƙarshen cikin mace yana da tsini mai tsawo, da shi take huda fatar ɗan itace ta zuba ƙwai a ƙarƙashi. Na namiji a dunƙule yake.

Fuska ta ƙarshe: ƙarƙashin ƙahonninsa akwai baƙaƙen ɗigo biyu, ɗaya kowane gefe.

Idan duk huɗun suka haɗu, garau ɗin fiffike mai siririn layi a gefe, ratsi biyu, T, da ɗigo biyu a fuska, a ƙasar nan kana iya cewa dorsalis ne hankalinka kwance.

Kama da wane ba ta wane

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne ƙudan su kankana da kabewa da kokwamba, Zeugodacus cucurbitae, wanda ya dami ɗan yayata. Shi ma asalinsa Asiya, girmansu kusan ɗaya, shi ma yana da T a ciki. Amma ratsinsa uku ne, akwai na tsakiya. A fiffike kuma layin gefen ya kumbura ya zama babban ɗigo a ƙarshe, sannan ga wani zane mai duhu da ya bi wata gajeriyar jijiya a kusa da bakin fiffiken. Duk wanda ya ga hoton fiffiken biyun gefe da gefe sau ɗaya ba zai sake haɗa su ba. Metil yujinol ba ya jan namijinsa, nasa turaren ana sayar da shi da sunan Cuelure. Masu noman rani a fadamun Jos su riƙe wannan da kyau.

A gonar kokwamba da kabewa akwai kuma dangin Dacus, 'yan gida. Su ne suka fi kowa kama da rina, cikinsu a dunƙule, gaɓoɓinsa a haɗe ba a rarrabe ba. Ɗaya daga cikinsu, Dacus ciliatus, ja-ja ne, babu dogon ratsin rawaya a bayansa ko ɗaya, kuma sau da yawa za ka ga baƙaƙen ɗigo biyu a kan cikinsa. Wani kuma, Dacus bivittatus, layin gefen fiffikensa mai faɗi ne ƙwarai, ya mamaye bakin fiffiken.

A kan mangwaro abokin gasarsa Ceratitis cosyra ne, wanda ke nan tun kafin baƙon ya iso. Jikinsa rawaya-rawaya, da baƙaƙen tabbai a gefen gadon baya, kuma ɗan tudun nan na ƙarshen baya yana da baƙaƙen tabo uku. Lokacinsu ma ya bambanta, abin da ya sa nake son a riƙa rubuta kwanan wata a kowane hoto. Cosyra ya fi ƙarfi da rani, a kan mangwaron farko na Maris da farkon Afrilu. Dorsalis kuwa ɗan damina ne, yana son laima. Da ruwa ya zauna sai ya ninka ya ninka, shi ya sa mangwaron aure masu nuna a makare, irin su Kent da Keitt, su ne suka fi shan wuya, daga nan ya zarce kan gwaba. Ɗan uwan cosyra, Ceratitis capitata, wanda ake yawan gani a lemo, bayansa zanen baƙi da fari ne, namijinsa kuma yana da wasu gashi biyu a goshi masu faffaɗan kai.

Akwai wani ɗan ƙarami da nake so in daɗe a kansa, domin hotonsa ya fi na kowa zuwa mini daga 'yan kasuwa da matan gida. Tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, jajayen idanu, jiki ruwan zuma, da fararen layuka masu baƙin gefe da suka taso daga kai suka bi baya, kamar an ja su da alli. Kyakkyawa ne ƙwarai in ka gan shi a gilashi. Sunan danginsa Zaprionus. Kana ɗaga kwandon ruɓaɓɓen mangwaro ko ɓawon ayaba a Farin Gada za su tashi buu. Wata baiwar Allah mai sayar da kayan marmari ta taɓa nuna mini hotonsa ta ce, "Malam, ga ɓarawon nan na kama, mai ratsi, irin wanda kuke faɗa." Na ce, "Hajiya, wannan mai ratsi ne, amma ba shi ya fasa gidan ba, ya tarar da ƙofa a buɗe ne." Macensa ba ta da tsinin da zai huda fatar lafiyayyen mangwaro, sai wanda ya riga ya fashe ko ya ruɓe. Ratsinsa fari ne, na dorsalis rawaya. Girman ma ba a haɗa su, shi ya sa nake nacewa a sa rula a hoto, don a gilashin waya ƙaramin ƙuda da babba duk cika fuska suke yi.

Abin sha'awa, wannan ƙaramin shi ne namu da ya je ya zama baƙo a gidan wasu. Zaprionus indianus, duk da a Indiya aka fara sa masa suna a 1970, ɗan asalin Afirka ne. A 1999 aka gan shi a Brazil yana ɓarna a gonakin ɓaure, inda yake saka ƙwai a 'yar ƙofar da ke gindin ɗan ɓauren, kuma a 2005 ya isa jihar Florida a Amurka. Can, duk wanda ya ga ƙaramin ƙuda mai fararen layuka zai iya kiran sunansa, don ba shi da 'yan uwa da yawa a wurin. Mu nan gidansu ne, iri-irinsu suna da yawa kuma sun yi kama matuƙa, sai an duba ƙayoyin cinyar ƙafar gaba da madubin ɗakin bincike ake raba su. Idan manhajar waya ta ce maka indianus ne daga hoto ɗaya, ka tsaya a kan Zaprionus kawai. Abin da za ka iya ƙirgawa shi ne layukan: na Afirka adadinsu mai rabuwa biyu ne daidai, babu layi a tsakiyar baya, na Asiya kuwa suna da na tsakiya.

Inda hoto ya tsaya

Akwai ƙuda ɗaya da nake roƙon duk mai tarkon metil yujinol ya sa wa ido. Sunansa Bactrocera zonata, ya riga ya zauna a Masar da Sudan, kuma turare ɗaya ke jan su da dorsalis, don haka tarko ɗaya za su faɗa. Ratsinsa biyu ne shi ma, jikinsa ja-ja. Bambancin yana fiffike: layin gefen nan ya yanke a hanya bai kai ƙarshe ba, sai wani ɗan ɗigo shi kaɗai a bakin fiffiken, kuma cikinsa ba ya nuna cikakken T. Idan ka ga mai irin wannan siffa, kada ka tsaya a hoto. Jefa shi cikin 'yar kwalba da sifirit, rubuta wuri da rana da fensir a 'yar takarda ka sa a ciki, domin tawadar biro tana narkewa, ka kai wa malamin gona na yankinku ko sashen nazarin dabbobi na Jami'ar Jos. Hukumar NAQS, mai hedikwata a Abuja, ita ke da alhakin sa ido kan baƙin ƙwari a ƙasar nan, cibiyoyin binciken noma na NIHORT da IITA a Ibadan kuma suna aiki a kan ƙudajen 'ya'yan itace. Maganar ta wuce lambun mutum ɗaya: tun 2019 Tarayyar Turai ta ƙara tsaurara sharuɗɗan shigar da mangwaro saboda waɗannan ƙudaje, kuma tsutsa kaɗan ta isa a ƙi karɓar kaya gaba ɗaya.

Ga mai intanet, ina ba da shawarar iNaturalist, manhajar da ake ɗora hotunan halittu don a gane su. Ka ɗora hotunan nan uku, ka sa wuri da rana, ka rubuta ɗan itacen da ka same shi a kai. Sunan da manhajar ta fara ba ka hasashe ne. Jira mutanen da suka san ƙwari su duba, ka kuma gwada abin da suka ce da fiffiken da ke gabanka.

In ta tabbata dorsalis ne

Ba zan tsawaita a nan ba, don yaƙi da shi magana ce mai zaman kanta. Abin da ya fi komai tasiri ba ya cin kuɗi: tsince duk ɗan itacen da ya faɗo, aƙalla sau biyu a mako, zuba a baƙar leda mai kauri ka ɗaure ka bar ta a rana har tsutsar ta mutu, ko ka binne su da zurfin da ya kai rabin mita. Wanda aka bari a gindin bishiya, tsutsarsa ƙasa za ta shiga ta dawo maka da fiffike. Tarkon metil yujinol a rataye shi tun 'ya'yan suna ƙanana, kafin ruwa ya zauna, kuma a yi shi tare da maƙwabta, domin ƙudan yana tafiya mai nisa, lambu ɗaya ba ya iya kare kansa. Matan ƙudan kuwa abinci ke jan su: akwai haɗin abinci da guba da ake sayarwa da sunan GF-120, ana fesa shi a ɗan ɓangaren ganye ne kawai, ba duk bishiya ba. Feshin da ake yi wa bishiya gaba ɗaya bayan tsutsa ta shiga asarar magani ne, tana ƙarƙashin fata ba ya kai mata. Idan kuma bishiyarka tana da jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye su yi gida, kada ka ƙona su. Suna da cizo wajen tsinka, amma macen ƙudan tana gudun ɗan itacen da suka bi ta kansa.

Idan hoton ya nuna ratsi uku, Cuelure za ka nema, ka kuma kwashe ruɓaɓɓiyar kokwamba da kankana daga kunya kamar yadda mai mangwaro zai yi. Idan Zaprionus ne, ajiye kuɗinka, share wurin, raba fasassun 'ya'ya da lafiyayyu, sannan ka ɗauki huɗu daga cikin fasassun ka sa a bokitin yashi don ka ga wanda ya fara huda su.